Kiɗan Ƙarfe Ba Kiɗan Aljanu Ba Ne

Ina godiya ga Malam mai kula da ƙungiyar ƴan jarida da ya ba ni wannan fili. Aikin da aka ba ni tun farko shi ne in yi rubutu a kan tsabtar makaranta, amma wani abu ya faru a ranar Litinin ɗin da muka dawo, shi ya sa na roƙi Malam ya bar ni in canza.

A ranar muna cire ciyawa a bayan ajinmu. Ina aiki ina gyaɗa kai, ina buga fartanya daidai da wani kiɗa da ke cikin kaina. Sai wani abokina da muke ƙauye ɗaya ya ce wa ƴan aji wai duk hutun nan kiɗan aljanu na yi ta ji a wayar yayana. Kafin a tashi tara, sunana ya koma Mai Aljanu. Jiya ma wani ɗan aji ɗaya da ban taɓa yi wa magana ba ya hango ni ya yi a'uziyya, abokansa suna ta dariya. Na yi kamar ban damu ba, amma gaskiya na damu. Don haka nake so ku karanta wannan har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ga yadda abin ya fara. Yayana yana koyon walda a cikin birnin Kano, amma duk damina yakan dawo gida ya taya Baba noma. Bana ya zo da wata tsohuwar waya da ya saya a kasuwar Farm Centre. Wanda ya sayar bai goge memorin ba. A ciki akwai karatu, akwai waƙoƙin finafinai, sannan akwai wasu waƙoƙi fiye da talatin masu sunaye irin su Black Sabbath da Iron Maiden da Metallica. Yaya ya kunna ɗaya ya kashe nan take, ya ce wannan ai injin niƙa ne ya lalace. Ni kuwa na ce don Allah ya ƙara kunna mini. Da farko sai ka ji ruwan sama da tsawa da ƙararrawa. Can sai jita ta shigo da wata murya mai kauri, kamar an ja garma a kan dutse, ganguna suna bin ta a baya. Tsikar jikina ta tashi. Ban san abin da ake faɗa ba, amma na san ban taɓa jin irinsa ba.

Yaya ne ya duba mini a intanet. Turawa suna kiran wannan kiɗa hebi metal, ma'anarsa ƙarfe mai nauyi. Ni dai kiɗan ƙarfe nake ce masa.

Ku da kuke ƙauye kamar ni kun san cewa abin da ake kira hutu ba hutu ba ne. A littafin Turanci muna karanta yaran da suke zuwa bakin teku idan an ba su hutu. Mu kuwa ana rufe makaranta ne daidai lokacin da gona ta fi buƙatarmu. Da asuba makarantar allo, daga nan sai gona. Ga maimai, ga huɗa, ga zuba taki, ga yankan ciyawar awaki da yamma. A ƙasarmu babu daji, gonar wani ce take haɗe da ta wani tun daga bakin gari har gari na gaba, saboda haka dabba ba ta yawo da damina, sai dai a ɗaure ta a kawo mata abinci. Idan gero ya fitar da kai kuma sai korar tsuntsaye. A cikin wannan aiki ne kiɗan ƙarfe ya zama abokina. Idan Yaya ya ara mini wayar na sa iyafis a kunne, kunyar da take yi mini tsawo sai in ga na kai ƙarshenta ban sani ba. Rabin kuɗin da na samu a ƙwadago a wurin mai caji ya ƙare.

Yanzu bari in kawo dalilaina.

Dalili na farko, wannan kiɗa ba daga aljanu ya fito ba, daga masu aikin ƙarfi ya fito. Ƙungiyar Black Sabbath, wadda ake cewa ita ce ta fara shi, samari huɗu ne ƴaƴan talakawa suka kafa ta a shekarar 1968 a Birmingham ta ƙasar Ingila. Masu kallon ƙwallo sun san garin, domin nan ne gidan Aston Villa. Gari ne na masana'antu da ƙere-ƙere. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, ma'aikaci ne a wata masana'antar ƙarfe. Yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wurin aikin, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi bahago ne, wato da hannun daman yake danna tsirkiya. Kowa ya ɗauka shi da jita sun rabu ke nan. Sai ya narka robar wata kwalba ya yi wa yatsun hula, ya lulluɓe da fata. Ya koma amfani da tsirkiya marar kauri, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinta don kada ta riƙa yi masa ciwo. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ya san idan aka sassauta tsirkiya murya takan yi ƙasa ta yi kauri. Wani ɓangare na nauyin da ake ji a kiɗan daga nan ya samo asali. Faifansu na farko ya fito a 1970. Da Yaya ya gama karanta mini wannan labari sai ya yi shiru yana kallon tabon wuta da ke hannunsa. Tun daga ranar bai ƙara cewa injin niƙa ba.

Dalili na biyu, Bahaushe ma yana da kiɗa mai nauyi, mu ne dai muka manta. Wannan ba a intanet na samo shi ba, a bakin kakana na ji. Wata rana ana marka ba mu je gona ba, muna zaune a zaure, sai ya ce: "Kai ja'iri, me kake ji ne kake ta kaɗa kai kamar ƙadangare?" Na sa masa iyafis ɗin ina jiran ya wurgar. Ya yi shiru ya daɗe. Can sai na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi. Da ya cire sai ya ce: "Mai waƙar dai kamar kunama ta harbe shi, amma mai gangar ya san aikinsa. Wannan kiɗan maza ne."

Daga nan ya ba ni labari. Ya ce a da kowace sana'a da kiɗanta. Maƙera suna da dundufa, mahauta suna da kalangu, maharba suna da garaya, manoma kuma suna da gangar noma. Idan an kira gayya, mai ganga yana bin bayan manoma a cikin gona, yana kiɗa yana yi wa kowa kirari. Ya ce idan aka kaɗa taken mutum sai ka ga jikinsa yana rawa, ya yi ihu, ya kama kunya ba ya ɗagowa sai ya fita. Sunan wannan abu tsuma. Ya ce haka ƴan tauri suke tsuma, haka ƴan dambe suke tsuma idan Ɗan Anace yana yi wa Shago waƙa. Na ce masa, to ai abin da nake ji ke nan. Ya ce ya sani, ai ya gani a kafaɗata.

To ƴan'uwa, idan kiɗan da ke sa jiki tsuma kiɗan aljanu ne, me za mu ce da kakanninmu da suka noma gonakin nan da shi? Ni a ganina gajiya iri ɗaya ce, ko a gonar gero ko a masana'antar ƙarfe. Wanda jikinsa ya sha aiki ba kullum yake son kiɗa mai sanyi ba. Wani lokaci yana son wanda zai yi daidai da bugun zuciyarsa.

Na san wani zai ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, me ya haɗa ɗan ƙauye da jitar Turawa? Wannan ya kawo ni dalili na uku. Jita mai ƙara ba ta Turawa kaɗai ba ce. A nan maƙwabtanmu Nijar akwai wani Buzu ɗan jihar Tawa mai suna Mdou Moctar. Yana yaro danginsa ba sa son ya yi kiɗa, kuma ba shi da kuɗin jita, sai ya haɗa tasa da katako da wayar birkin keke. Shi ma bahago ne. Faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a shekarar 2008, kuma waƙoƙin sun yaɗu ne daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, kamar yadda nawa suka iso gare ni. Yanzu da rawaninsa yake hawa dandamali a Amurka da Turai, yana waƙa da yarensu na Buzaye. A 2021 ya fitar da faifai mai suna Afrique Victime, wanda ke magana a kan zaluncin da aka yi wa Afirka. Kiɗansa ba hebi metal ba ne sosai, amma idan ya saki jitar nan, ƙararta ba ta da bambanci da wadda kuke yi mini dariya a kanta. Haka kuma a ƙasar Botswana akwai baƙaƙen fata irinmu da suke da ƙungiyoyin kiɗan ƙarfe nasu, kamar Overthrust ta garin Ghanzi. Saboda haka ba ni kaɗai ba ne a Afirka.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba, masu sukar wannan kiɗa suna da tasu gaskiyar, kuma dole in faɗe ta.

Ta farko ita ce maganar abin da ake faɗa a ciki. Wasu hotunan da ke kan waƙoƙin ba su da kyan gani, akwai ƙoƙon kan mutum da wasu halittu masu ban tsoro. Wannan ya dame ni, domin ina ta jin abin da ban san ma'anarsa ba. Allah ya sa gonar malaminmu na Turanci tana kusa da tamu. Wata rana yana hutawa a gindin gawo na je na gaishe shi, na roƙe shi ya saurara ya gaya mini. Bai kore ni ba. Ya saurari guda huɗu, Yaya kuma ya nemo masa kalmomin a rubuce. Ya ce ɗaya, mai suna War Pigs, wadda ta fito a 1970 lokacin yaƙin Biyetnam, tana zargin manyan da suke ƙulla yaƙi su koma gefe, su bar ƴaƴan talakawa suna mutuwa. Ya ce wannan ko a aji zai iya koyar da ita. Biyu ya ce babu komai a ciki sai labari. Amma ta huɗu ya ɓata rai, ya ce akwai saɓo a cikinta, bai kamata Musulmi ko Kirista ya riƙa maimaita ta ba. A gabansa na goge ta, ko da yake gangarta ta fi ta kowacce daɗi. Daga baya ya taimaka mini muka goge wasu guda shida.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka: duk waƙar da ba zan iya fassara ta a gaban Baba ba, ba zan riƙe ta ba. Kuma ina so in tambayi masu kirana Mai Aljanu, cikin girmamawa: waƙoƙin da kuke rerawa a hanyar rafi, waɗanda kuke kwasowa daga TikTok, nawa ne za ku iya rerawa a gaban iyayenku? Ni ban san ma'anar tawa ba sai da na tambaya. Ku kuwa da Hausa ake yin taku, kun san abin da ake faɗa sarai. Ashe ba ƙarar kiɗa ce take sa ya zama mummuna ba. Waƙa tana iya zama mai sanyi kamar ruwan randa, amma abin da ke cikinta guba ne.

Ta biyu ita ce shagala, kuma a nan na ci kuka da idona. Wata ranar Alhamis Inna ta sa ni in ɗaure awaki kafin in tafi yankan ciyawa. Kunnena a toshe, na ɗaure biyu na manta da uwar garken. Ta fita ta shiga gonar waken maƙwabcinmu ta yi ɓarna. An ce Inna ta yi ta kirana har muryarta ta dushe, ni kuwa ina can ina gyaɗa kai. Sai da Baba ya je da kansa ya ba da haƙuri. Bai doke ni ba, amma ya ce: "Dattijo kamata ya je yana sunkuyar da kai saboda ganga." Wallahi da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ya hana ni taɓa wayar mako guda, sannan ya sa sharuɗɗa uku: ba a ji idan an kira salla, ba a ji idan an aike ni, ba a ji ranar da ban wanke allona ba. Na yarda, domin laifina ne, ba laifin mai jita ba. Haka kuma aikin lissafin da aka ba mu na hutu, sai ana jibi za a koma na zauna na yi shi. Wannan ma ban ɓoye ba.

Ta uku ita ce kunne. Akwai daren da na kwanta ina jin wani ƙara siriri a kunnena kamar kukan gyare, alhali an kashe wayar. Malam ya ce alama ce ta cewa na ƙure ƙara. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraren abu da ƙarfi, kuma idan jin ya tafi ba ya dawowa. Wannan gargaɗi ba nawa ba ne ni kaɗai. Ya shafi duk mai sa iyafis, da duk mai tsayawa a gaban lasifika a gidan biki.

Game da hukuncin kiɗa a addini, wannan ba fagena ba ne. Ni ɗan shekara 13 ne, ko izu ashirin ban kai ba. Malamai ne suke da wannan magana, kuma kowa ya bi abin da iyayensa da malaminsa suka ɗora shi a kai. Wanda ya ce shi ba ya jin kowane irin kiɗa, ina girmama shi ƙwarai, kuma ba zan taɓa kunna masa ba. Wanda nake jayayya da shi shi ne mai jin nasa dare da rana, sannan ya ce nawa ne na aljanu don kawai kunnensa bai saba da shi ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Yau kiɗa ne, gobe kuma wani za a tsangwama saboda yarensa ko abincinsu ko irin littafin da yake karantawa. Makaranta wurin tambaya ce. Idan ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka raɗa masa suna.

A ƙarshe ina da shawara ga ƙungiyarmu. Kakana ya ce a duk yankinmu mai gangar noma ɗaya ne ya rage, ya tsufa, kuma babu ko ɗaya cikin ƴaƴansa da ya gaje shi. Yanzu ba a cika yin gayya ba, sai ƙwadago da shanun huɗa da maganin feshi. Ina roƙon Malam da Shugaban Makaranta su ba mu izini mu je mu yi hira da shi, mu rubuta sunayen take-taken da ya sani da yadda ake yin gayya a da, mu liƙa a wannan allo. Abin kunya ne a ce na san labarin yatsun wani mutumin Birmingham, amma ban san taken noman kakana ba. Kuma abin mamaki, kiɗan Birmingham ɗin ne ya sa na tambaya.

Hutu dai ya ƙare. Mun ci tumu, an fara girbin gero, Yaya kuma ya koma Kano ranar Lahadi, a motar da ta taso daga kasuwar Ɗambatta, da wayarsa a aljihu. Yanzu ba ni da inda zan ji kiɗan sai a cikin kaina, sai kuma wata damina idan Allah ya kai mu. Saboda haka idan kun gan ni ina shara ina gyaɗa kai, ba sai kun yi a'uziyya ba. Ku zo ku ɗauki tsintsiya, zan buga muku shi a kan bokiti, mu ga ko ba za mu riga ƴan aji uku gamawa ba.

Wanda bai yarda da ni ba, fili a buɗe yake. Ya rubuto nasa ra'ayin ya ba Malam, a liƙa a nan mako mai zuwa, zan karanta. Amma don Allah ya kira ni da sunan da Babana ya raɗa mini.

Allah ya ba mu sa'ar wannan zango, amin.

Daga wakilinku na aji biyu, ƙaramar sakandare.